Darasi na 9: Yini a Bakin Teku da Iyali

Wani magidanci ya kai iyalinsa wani ƙauyen masunta da ke bakin teku. Sun yi sammako, suka isa da hantsi. Yara suna sauka daga mota suka nufi ruwa a guje. Uwargida ta daka musu tsawa: "Kai, ku dawo nan! Ba mai taɓa ruwa sai Babanku ya yi tambaya."

Maigida ya ƙarasa wurin wani dattijo da ke gyaran koma a jikin kwalekwale. Bayan sun gaisa ya ce, "Baba, baƙi ne mu. Ina ya dace mu zauna?"

Dattijon ya nuna wani layin ciyawa da itatuwa da ruwa ya zubar a kan yashi. "Ɗana, ku kai tabarmarku can bayan layin nan. Inda kake tsaye yanzu, kafin azahar ruwa ya shanye shi."

Gaskiya dattijon ya faɗa. Teku ba ta zama wuri ɗaya kamar tafki. A mafi yawan wurare takan ciko sau 2 ta janye sau 2 a kwana guda. Tsakanin cikowa da janyewa akwai kimanin awa 6. Wata ne ke jan ruwan, rana ma tana taimakawa. Shi ya sa cikowar ta fi ƙarfi lokacin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Kullum kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kimanin minti 50. Wanda bai san haka ba sai ya bar takalma da jaka a kan yashi, ya waiwayo ya ga ruwa ya tafi da su. Wannan asara ce mai sauƙi. Mai muni ita ce yaro ya hau dutse lokacin da ruwa ya janye, ruwa ya dawo ya tare masa hanya.

Akwai wani haɗari da ya fi wannan ɓuya. Wani lokaci za ka ga wuri a tsakanin igiyoyin ruwa ya kwanta luf, ba kumfa, launinsa ya fi duhu. Baƙo sai ya ce nan ne wurin wanka. To nan ne wurin da ya kamata a guje wa. Ta wannan hanya ruwan da igiyoyi suka kawo yake komawa cikin teku da ƙarfi, kuma yakan ja har gwanin iyo. Idan ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi. Ya natsu, ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu ya nemi taimako. In ya iya iyo, ya yi ta gefe, daidai da gaɓa, har ya fita daga jan. Wanda ke waje kada ya faɗa ruwa don ceto in bai iya ba. Ya yi kururuwa, ya jefa igiya ko jarka marar komai.

Ina roƙon iyaye su riƙe wannan da kyau: yaron da ruwa ke ci sau da yawa ba ya ihu. Shiru yake nutsewa. Don haka Maigida da Uwargida suka raba aiki. Ɗaya yana hutawa, ɗaya yana tsaye da yara, kusa yadda hannunsa zai kai ga auta. Ba a barin yaro ya tsare yaro. Inda aka kafa jar tuta kuwa, ba a shiga ruwa sam.

Sai batun rana. Iskar teku tana da sanyi, tana ruɗin mutum, alhali zafin ranar ya fi ƙuna daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. A nemi inuwa, amma ba a ƙarƙashin bishiyar kwakwa mai 'ya'ya ba, don tana iya faɗowa a ka. A taho da ruwan sha isasshe. Ruwan teku ba ya shayuwa: kowace lita tana da gishiri kimanin giram 35, ƙishirwa yake ƙarawa.

Da la'asar suka tattara shararsu a leda, suka yi wa dattijon godiya, suka kama hanya tun da sauran haske.

Aiki: Idan yau ruwa ya cika da ƙarfe 12:00 na rana, da misalin ƙarfe nawa zai cika gobe da rana? Rubuta amsar a littafinka. Sannan ka rubuta jimla 2 da za ka faɗa wa ɗanka kafin ya sa ƙafa a ruwa.