Yadda ake gwada dattijo a gida idan ya fara jiri da tangaɗi

Matar da ta ɗauko tulu a ka cikin lungunan Birni, tsohuwar unguwar Zinder, tana tafe tana gaisawa da mutane ba tare da ruwan ya zube ba, ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya ce take riƙe da ita. Nauyin wannan sashe kusan kashi 10 cikin 100 ne na ƙwaƙwalwa, amma fiye da rabin ƙwayoyin jijiyarta a nan suke. Shi ne yake haɗa saƙon ido da na gaɓoɓi da na can cikin kunne, inda wasu ƙananan bututu uku masu ruwa suke sanar da kowace juyawar kai. Jijiya guda ce take kai ji da daidaito zuwa tushen ƙwaƙwalwa, shi ya sa jiri yakan zo tare da ƙugi a kunne.

Idan Baba ya fara tangaɗi, a tsayar da shi kusa da bango, wani mai ƙarfi yana gefensa, ya haɗe ƙafafunsa na daƙiƙa 30 idonsa buɗe, sannan ya rufe ido. Wanda sai ya rufe ido yake layi, galibi matsalarsa tana kunne ko jijiyoyin ƙafa, abin da ake yawan gani ga masu ciwon suga. Wanda kuwa yake layi ko idonsa buɗe ne, ƙeyar ake zargi. Daga nan ya taɓa hancinsa da manuniya, ya taɓa yatsan mai gwajin, ya maimaita sau da yawa da kowane hannu. A lura ko hannun yana rawa yayin da ya kusa isa, ko yana zarcewa. A kuma tambaye shi magungunan da yake sha, domin kinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, yana sa ƙugin kunne.

Jirin da ke kama mutum idan ya miƙe tsaye cikin zafin watan Afrilu sau da yawa ƙishirwa ce, kuma yakan lafa da zama da shan ruwa. Abin da nake roƙon kada a yi wa jinkiri shi ne jirin da ya faɗo farat ɗaya tare da amai, harɗewar harshe, ganin abu biyu-biyu ko kasa takawa, musamman ga mai hawan jini, domin yana iya zama jini ne ya toshe a ƙeya. A nan gwajin gida ya ƙare. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, saboda haɗiya ma tushen ƙwaƙwalwa ne ke kula da ita, kuma kada a ɗora shi a bayan kabu-kabu. A nemi mota a kai shi Babban Asibitin Ƙasa na Zinder nan take, a faɗa wa likita ƙarfe nawa abin ya fara.