Yadda ake gwada bayanin kayan aiki kafin a saki wakilin AI kan zanen gida

Duk wanda ya taɓa aiken sabon lebura da takarda mai cewa "sayo bulo" kawai ya san abin da ke biyo baya: yaron zai dawo da mai inci 5, alhali mai inci 6 kake so, kuma ba laifinsa ba ne. Haka wakilin AI, wato manhajar AI da ake ba umarni ta aiwatar da aiki da kanta, yake idan aka haɗa shi da manhajar zane irin su Revit ko AutoCAD. Ba ya ganin cikin manhajar. Abin da ake miƙa masa sunan kowane kayan aiki ne (kamar na jan bango ko na sa ƙofa), da 'yan layukan bayani, da jerin abin da zai shigar. A kan wannan tsari MCP yake, wato ƙa'idar haɗa AI da sauran manhajoji, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. In bayanin ya gurgunce, zanen ma zai gurgunce. Ga yadda nake gwada shi a ɗan ofishinmu na zanen gidaje a Aboabo, cikin Kumasi.

Da farko ka buga duk bayanan a takarda, ka ba wani mai zane wanda bai taɓa ganin manhajar ba. Tambaye shi: wannan me yake yi, yaushe za ka ɗauke shi, yaushe za ka bar shi? Duk inda ya tsaya yana sosa kai, ja layi. Inda mutum ya yi tambaya, wakili zato zai yi ya wuce.

Sai ka rubuta ayyukan gwaji kamar 20, daga abin da mutane ke kawo maka da gaske. Ciki da falo huɗu a fili mai ƙafa 70 da 100. Shago biyu a gaba, gida a baya. Ƙarin bene a kan tsohon gini a Asawase. Kowane aiki ka rubuta amsarsa daidai tun kafin ka kunna kwamfuta: tsawon bango nawa, kauri nawa, a hawa na nawa. In ba ka yi haka ba, zane mai kyan gani zai ruɗe ka.

Ma'auni shi ne inda na fi daɗewa, don a nan na sha wuya. Mu a Kumasi da ma'auni biyu muke aiki: mai fili da birkila suna magana da ƙafa da inci, zanen da ake kaiwa neman izinin gini kuwa da milimita ake yin sa. Revit ita kuma a cikinta da ƙafa take ajiye tsawo, ko me allon ya nuna maka. Wata rana na ce wa wakilin ya ja bango mai 3600, ina nufin milimita. Bayanin kayan aikin "tsawo" kawai ya ce. Na duba allo na ga ɗakin ya zama ɗigo, bango ya miƙe ƙafa 3600, sama da kilomita ɗaya. Wannan kam an gane shi nan take. Wanda ke ba ni tsoro shi ne ƙaramin kuskure, kamar kaurin bango ya fito 125 maimakon 150, wanda ba za a lura ba sai an zo lissafin bulo da siminti. Don haka a gwajinka ka faɗi aiki ɗaya sau uku: da ƙafa, da mita, da milimita. Ƙafa ɗaya milimita 304.8 ce. In amsoshin uku ba su zo ɗaya ba, bayanin bai faɗi ma'auninsa ba.

Hawa ma ka gwada. A Gana, kamar Ingila, hawa na farko shi ne na sama da ƙasa. A Amurka na ƙasan ne.

Akwai kuma alƙibla, wadda masu rubuta waɗannan bayanai ba safai suke tunawa da ita ba, mu kuwa da wuya Alhaji ya karɓi zane bai tambayi inda bayan gida ya fuskanta ba. Daga Kumasi alƙibla tana wajen digiri 65 daga arewa zuwa gabas. To amma Revit tana da arewa biyu: ta takardar zane da ta gaskiya. Ka sa aiki ɗaya mai cewa kada masai ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, ka ga wace arewa wakilin ya ɗauka. In bayanin bai bambance su ba, ka ƙara jimla guda da ta bambance.

Kowane aiki ka maimaita shi aƙalla sau biyar, domin wakili ba ya bin hanya ɗaya kullum. Kada ka tsaya kan zanen ƙarshe. Buɗe tarihin kiran kayan aikin da ya yi ka karanta. Abu uku nake ƙirgawa: ya zaɓi kayan aikin da ya dace, ya shigar da lambobi daidai, kuma da manhaja ta ƙi, ya gane dalili ya gyara. Na ukun nan ya dogara da saƙon kuskure. "Ya gaza" ba ya koya wa kowa komai. "Ƙofa tana bukatar bango, ba ni lambar bangon" yakan sa ya gyara a kira na gaba.

Saka tarko biyu ko uku: aikin da ba a faɗi girman fili ba, ko umarnin cire bangon da ke ɗauke da dakin, wato rufin kankare. Abin da ake so ya tsaya ya tambaya.

Daga nan sai gyara, jimla ɗaya a lokaci guda, ka sake gudanar da ayyukan 20 gaba ɗaya, don gyaran ƙofa yakan ɓata taga. Ka ɓoye wasu ayyuka biyar daban da ba ka duba su lokacin gyara, ka fito da su ranar ƙarshe. Ko sun wuce, harsashi da rodi sai injiniya mai lasisi ya duba ya sa hannu kafin a haƙa ƙasa.