A fara ba matasa addu'ar Laraba

'Yan'uwa cikin Kristi, musamman fastoci da dattawan ikilisiya, ga wata 'yar shawara.

Ku riƙa ba matasa jagorancin taron addu'ar Laraba. Jama'a ba ta kai ta Lahadi ba, don haka tsoro bai cika kama su ba. Kwana biyu kafin taron, dattijo ɗaya ya zauna da yaron su duba tare nassin da zai karanta ya yi wa jama'a gargaɗi a kai. Gargaɗin minti 10 ya isa.

In ya yi kuskure, don Allah kada a gyara masa a bainar jama'a, a ja shi gefe bayan an tashi. Na san wanda aka kunyata sau ɗaya, har yau bai sake tsayawa gaba ba, abin yana damuna. Iyayenmu na Zumuntar Mata, ku ma ku jawo 'yan mata haka.