Yadda ake tsara cibiyar al'adu a tsibirin Fogo mai aman wuta

Kafin a ja layi ko ɗaya, a duba taswirar inda narkakken dutse ya bi a baya. Dutsen Fogo na ƙasar Kef Bad ya yi aman wuta a 1995 da 2014, kuma na ƙarshen ya cinye ƙauyukan Portela da Bangaeira. Don haka a nemi tudu, a guji kwari, domin narkakken dutse gangara yake bi kamar ruwa.

Rufi shi ne babban abin lura. Toka mai kaurin santimita 10, idan ruwan sama ya jiƙa ta, tana iya kai nauyin kilo 100 zuwa 200 a kan kowace murabba'in mita. Shimfiɗaɗɗen rufi tara ta yake yi har ya rufta. A yi shi da gangare sosai, a sa indararo mai sauƙin cirewa, don kada toka ta gurɓata ruwan tanki.

Baƙin dutsen tsibirin yana da ƙwari, ga shi a kusa, amma bangonsa yana tsagewa idan ƙasa ta girgiza, sai an ɗaure shi da kankare mai rodi ta sama da ƙasa. Iskar teku tana cin ƙarfe, saboda haka kankare ya rufe rodi da santimita 5.

Zauren kuwa a bar shi fili, da kujerun naɗewa: yau kiɗa, gobe taro, ranar tashin hankali kuma mafaka. A ware murabba'in mita 3.5 ga kowane mutum, da banɗaki ɗaya ga mutum 20.