Tattaki a dajin Fontainebleau zuwa ƙauyen Barbizon

Masu yawan tambayata yadda ake wannan tafiyar, ga ta:

1. Hau jirgin ƙasa na layin R a tashar Gare de Lyon, Paris, da sassafe.
2. Sauka a Fontainebleau-Avon, tafiyar kusan minti 40.
3. Sayi burodi da ruwa tun a gari.
4. Cusa ƙafar wando cikin safa, dajin akwai kaska.
5. Bi fentin da ke jikin bishiyoyi da duwatsu. Hattara! In ka ga layi biyu sun gitta juna, ba hanya ba ce, koma baya. A nan ake ɓata, ni ma sai da na sha yawo.
6. Da isarka Barbizon, fara duba lokacin bas, don ƙauyen ba tashar jirgi.