Yadda za a kwashe jujin unguwa a Jos, a kuma hana shi dawowa

Kwashe juji aikin yini guda ne. Abin da ke kayar da unguwanni shi ne mako biyun da ke biye, lokacin da shara ke komawa inda aka share saboda ba a tanadar wa mutane wani wurin zubarwa ba. Don haka kafin a taɓa shebur, a sa mutum biyu su lura da wurin kwana uku, bayan asuba da bayan isha'i. Galibi za a tarar yara ne ake aikowa da bokiti, ko masu baro da aka biya su kai shara nesa suka sauke a kusa, ko masu shagon da ke share ƙofarsu zuwa cikin kwata. Kowanne da irin maganarsa.

Sai a je wurin mai unguwa da limami, a sanar a masallaci. Daga nan a nemi motar kwasar shara. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ke lalata aikin gayya. A rubuta wa hukumar tsaftar muhalli ta jiha, PEPSA, ko a ga duba-gari na ƙaramar hukuma, a tsayar da rana da wurin da motar za ta tsaya. In ba a samu ba, a yi karo-karo a ɗauki hayar tifa, a tabbatar wurin da hukuma ta amince za ta kai. A auna tulin, tsawo sau faɗi sau tudu: mita 4 da mita 3 da mita 1 ya ba da kubik mita 12 na shara, sai a tambayi direba sawu nawa ke nan. Sharar da aka fito da ita daga kwata aka jibge a bakin titi ba mota, ruwan sama ɗaya ya isa ya mayar da ita inda ta fito.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Maris, kafin ruwa ya sauka a Afrilu. Wanda ya ga ambaliyar Yulin 2012 a unguwannin Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da ruwa ke yi idan ya rasa hanya.

Mutum ashirin sun isa layi guda. A raba su huɗu, kowane rukuni da baro ɗaya, shebur biyu, manjagara ɗaya da buhuna. Kowa ya sa safar hannu mai kauri da takalmin roba da takunkumi. Silifas ba ya tare kwalba. Yasar kwata daga ƙasa ake farawa, inda ruwa ke fita, a yi sama. In aka fara daga sama, ruwan da ya daɗe a tare zai turo dagwalo kan masu aiki. Kada kowa ya kutsa cikin rufaffen kwalbati, iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum. A yi amfani da dogon ƙarfe mai ƙugiya daga baki. Allura da reza a zuba su a jarka mai murfi, ba a buhu ba. Wanda ƙusa ta soke shi ya wanke da sabulu da ruwa, ya tafi asibiti a duba batun allurar tetanus a ranar.

A ware ƙarfe da gwangwani da robobi, masu jari-bola za su saya, kuɗin ya shiga asusun kwamiti. Kada a cinna wa sauran wuta. Leda da taya hayaƙinsu na cutar da ƙirji, gwangwanin maganin sauro yana fashewa, kuma wutar juji takan ci ta ƙasa kwana da kwanaki.

A cikin makon da aka kwashe jujin a mamaye filin, domin wurin da ba mai shi shi ake mayarwa bola. A zuba jar ƙasa a daddaɓe, a jera duwatsu a gefe, abin da Jos ba ta rasa ba. A dasa zogale, ko a ba mai shayi ko mai faci wurin da sharaɗin ya tsare shi. Kyarana tana yin shinge mai kyau, amma ruwanta na ƙona ido, kada a dasa ta inda yara ke wasa. Fitilar sola guda ta fi allon gargaɗi aiki, tunda da duhu ake zubarwa.

Sannan a ɗauki mai baro ɗaya sananne, ya riƙa bi gida-gida sau biyu a mako, kowane gida na biyan abin da aka amince a taro, a rubuta a littafi. A biya shi bayan an ga ya sauke a inda mota ke ɗauka, ba a gaɓar kogin Dilimi ba. Wanda aka kama yana zubarwa, karon farko a yi wa maigidansa magana a asirce, na biyu a kai wa mai unguwa, na uku a kira duba-gari. Yaron da aka aiko kada a dake shi, a raka shi gida da bokitinsa.