Yadda Ake Zaman Bitar Magungunan Masu Jinyar Ƙwaƙwalwa da Ke Kwance a Asibiti

Duk wanda ya taɓa buɗe fayil ɗin majinyacin da ya daɗe a kwance a asibitin ƙwaƙwalwa ya san yadda magani ke taruwa a kan mutum ɗaya. Likitan farko ya rubuta haloperidol, maganin taɓin hankali, ranar da aka kawo shi a fusace, na biyu ya ƙara benzhexol, mai rage illar maganin farko, da ya ga wuyansa ya sanƙare, na uku ya sa diazepam saboda wani dare da barci ya ƙaurace masa, daga baya aka koma yi masa allurar fluphenazine, mai aiki irin na haloperidol, ba tare da an tsayar da ƙwayar farko ba. Kowannensu yana da hujjarsa a ranar da ya rubuta, sai dai babu wanda aka ɗora wa nauyin cirewa. Wannan nauyi shi ne aikin zaman bita, wato a taru a ɗauki magungunan mutum ɗaya bayan ɗaya, a tambayi dalilin kowanne.

Ba a wannan zama da likita shi kaɗai. Ana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa, da masanin harhaɗa magunguna, da ma'aikaciyar jinyar da ke tare da majinyacin dare da rana, da jami'in walwalar jama'a idan akwai, sannan shi majinyacin kansa da wanda ke jinyarsa daga cikin dangi. A ganina ma'aikaciyar jinya ce ta fi kowa abin faɗa, domin likita yana ganin mutum na ɗan lokaci a zagayen safe, ita kuwa ita ta san wanda ke ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe ya tofar a bayan gida, da wanda jiri ke kwasa idan ya miƙe daga sujada. Shigar majinyaci kuma ba alfarma ba ce: dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar masa da haƙƙin sanin abin da ake yi masa.

Kafin ranar zama, masanin magunguna ya tattara cikakken jerin abin da ke shiga jikin mutumin, ba abin da ke rubuce a kati kawai ba. A haɗa da magungunan hawan jini, da ciwon sukari, da tarin fuka, da na tsarin iyali, da abin da dangi ke sayowa daga kemis, da jiƙo ko sassaƙen da ake shigowa da shi a cikin kwanon abinci. A yi tambayar nan cikin taushin murya, domin idan uwa ta ji alamar za a yi mata faɗa, za ta rantse ba ta ba shi komai, alhali gorar tana cikin jakarta. A kuma ƙirga sau nawa aka ba da maganin da aka rubuta a bayar idan buƙata ta taso, tun da irinsa ne ke rikiɗewa ya zama na kullum ba da sanin kowa ba. A zo da nauyin jikinsa na yanzu da na ranar da aka kwantar da shi, da awon jini, da na sukari.

Idan an zauna, a fara da majinyacin. A tambaye shi, da girmamawar da ta dace da shekarunsa, wane magani ne yake jin yana taimakonsa, wanne ne ya fi takura masa. Sannan a bi jerin, kowane magani a amsa tambayoyi huɗu a kansa: me ya sa aka fara shi, shin dalilin yana nan, wace illa yake yi, kuma yana karo da wani?

Wajen gane illa ne aka fi yin kuskure, don haka a nan ya kamata a daɗe. Na taɓa ganin wani saurayi da ya kwana uku yana kai-komo a baranda, ya zauna ya miƙe, ƙafafunsa ba su tsayawa wuri ɗaya, aka ce ciwon ne ya motsa, aka ƙara masa haloperidol, abin ya ƙara muni. Ashe maganin ne ke hana shi zama, kuma da aka rage shi sai ya natsu. Saboda haka a sa majinyaci ya miƙa hannuwa a duba rawar jiki, a lanƙwasa gwiwar hannunsa a ji ko ta yi tauri, a dubi bakinsa da harshensa ko suna motsi da kansu kamar mai tauna, domin wannan alama tana zuwa ne bayan daɗewa a kan magani, wani lokaci kuma ba ta tafiya. Cikin magungunan taɓin hankali, olanzapine yana sa ƙiba da hauhawar sukari. Risperidone yana iya ɗauke wa mace al'ada ko ya kawo mata ruwan nono, namiji kuma ya rage masa ƙarfi, abin da kunya ba za ta bari su faɗa a gaban taro ba, sai a keɓe da su. Benzhexol yana busar da baki, yana kawo taurin bayan gida da ruɗewa ga tsofaffi, ga shi matasa suna shansa don maye, don haka bai kamata a bar shi a kati shekara da shekaru ba tare da an sake duba buƙatarsa ba.

Akwai waɗanda ba a ɗaga musu ƙafa. Mace da ke cikin shekarun haihuwa tana shan valproate, maganin farfaɗiya da daidaita yanayin rai, dole a tsaya a kanta, domin kusan jariri ɗaya cikin 10 da aka yi cikinsa a kan wannan magani yana zuwa da nakasa. Carbamazepine, mai aiki irin na valproate, yana raunana ƙwayoyin tsarin iyali, kuma ba a haɗa shi da clozapine, maganin taɓin hankalin da ya ƙi jin sauran magunguna. Mai shan clozapine ana duba fararen ƙwayoyin jininsa a kai a kai, kuma a tambaye shi bayan gida, don toshewar hanji na iya kisa. Mai shan lithium, maganin daidaita yanayin rai, ana ɗibar jininsa awa 12 bayan shan ƙarshe, a riƙa duba ƙoda da halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo duk wata shida, a hana shi magungunan ciwon jiki ibuprofen da diclofenac, a kuma kula da shi sosai a zafin bazara da lokacin azumi, saboda ƙarancin ruwa a jiki yana sa maganin ya taru ya zama guba. Rifampicin na masu tarin fuka yana rage ƙarfin magungunan ƙwaƙwalwa da dama. Hatta taba sigari tana cikin lissafi: wanda ya daina sha saboda an kwantar da shi, olanzapine ko clozapine zai ƙara ƙarfi a jininsa.

Idan an zo yanke shawara, a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, domin idan aka taɓa uku tare sannan wani abu ya faru, ba wanda zai san musabbabinsa. Ba a yanke diazepam farat ɗaya ga wanda ya saba da shi, sai a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni, in ba haka ba yana iya faɗuwa da farfaɗiya. Jami'in walwala kuma ya faɗi gaskiyar aljihun iyalin, tun da maganin da ba za su iya saye ba bayan sallama bai da amfanin farawa, haka ma allurar da babu mai yin ta a kusa da ƙauyensu.

A rubuta abin da aka yanke a wuri ɗaya da kowa zai gani: me aka canza, saboda me, wace alama ce za ta nuna ciwon na dawowa, wa zai sa ido, da ranar zama na gaba. A karanta wa majinyaci da ɗan'uwansa da harshen da suke ji, a sa su maimaita da bakinsu. Ma'aikaciyar jinyar da ta halarta ta sanar da masu karɓar aikin dare tun kafin ta tashi, a kuma soke tsohon rubutun da ke kan katin magani a ranar, domin kada a ci gaba da bayar da abin da aka riga aka tsayar.